Kafin a ɗaure uwar yaron da ke tura baro a Kasuwar Daji

Akwai wani yaro a ajina, ɗan aji 2 na ƙaramar sakandare, wanda na yi wa bulala shida a gaban 'yan ajinsu saboda ya kwana tara bai leƙo makaranta ba. Na tambaye shi inda ya shiga, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Na ɗauki shirun a matsayin taurin kai, na ƙara masa da sharar filin taro. Ranar Asabar ta wannan makon na shiga Kasuwar Daji da ke nan garin Sakkwato yin cefane, sai na ji ana cewa "hanya, hanya" a bayana. Ko da na juya, shi ne. Yana tura baro shaƙe da buhunan albasa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, silifas ɗinsa guda an ɗaure da waya. Da muka haɗa ido ya nemi ya aje baron ya gaishe ni, mai kayan ya daka masa tsawa, ya wuce.

Ranar Litinin na kira shi gefe, ƙarƙashin dogon yaro, na sake yi masa tambayar da na yi masa da bulala a hannu. Wannan karon ya amsa. "Malam, in ban hito ba, Inna ba ta aza tukunya." Daga wani ƙauye na gabashin jihar nan suka gudo bayan 'yan bindiga sun kashe mahaifinsu a gona. Shi ne babba, yana da ƙanne huɗu. Ranar da kasuwa ta yi kyau yakan koma gida da naira 1,500, bayan ya biya mai baro kuɗin haya. Ranar da ya zo makaranta, ba ko sisi.

Na je har inda suke zaune, wani kango da mai shi ya ba su aro a bayan gari, babu ƙofa sai buhu da aka rataya. Bayan mun gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ta makara shekara biyu, sai uwar ta ce daga bayan labule: "Malam, ba ƙi munka yi ba. Wa ka ƙin ɗanai ya zan mutum? Amma shi ka cishe mu. In kun ce ya zamna makaranta, ku hwaɗa min mi zan ba ƙannenai." Ban sami abin da zan ce mata ba, har yau kuma ban samu ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji wani babba a rediyo yana cewa za a fara kama iyayen da 'ya'yansu ke fashin makaranta a gurfanar da su gaban kotu, muryar matar nan nake ji.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne: hukuma ba ta da hurumin hukunta gidan da ke ci daga gumin yaro, sai bayan ta tanadi abin da zai maye gurbin wannan gumin, ko ta gyara lokacin karatu yadda yaron zai iya haɗa biyun. In ta fara da hukunci, to an bar jaki ana dukan taiki. Ni malami ne, abincina da mutuncina duk a cikin aji suke, ba kuma ni da burin da ya wuce in ga kowane yaro a Sakkwato zaune a kan benci. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce ina kare jahilci.

Mu duba dokar kanta, domin da yawa daga masu kiran a yi aiki da ita ba su karanta ta ba. A nan garin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. A watan Oktoba na 2023 Sanata Orji Uzor Kalu ya kai ƙudiri Majalisar Dattawa yana neman a ɗaga tarar ta kai naira 50,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato abin da aka nemi a ci matar nan ta kango ya haura kashi biyu cikin uku na albashin ma'aikaci na wata guda, ita da ba ta da albashi, ba ta da miji, ba ta da gona. Uwar da ba ta taɓa iya ba ɗanta kuɗin tara ba ran da zai tafi makaranta, ita za a ce ta biya tara.

Amma dokar nan ba a kan iyaye kaɗai ta tsaya ba, kuma nan ne ake yin shiru. Tun kafin ta ambaci iyaye, dokar ta ɗora wa gwamnati nauyi: ta samar da ilimi kyauta. Ta kuma fayyace abin da take nufi da kyauta: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru, har da abincin rana. Ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibi ya yi laifin da tararsa ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. To ina abincin ranar? A makarantar da nake, rabin 'yan aji a ƙasa suke zama. Littafi na uban yaro ne, kayan makaranta na uban yaro ne, ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga na jarrabawa, ga na tsintsiya, kowanne da sunan da aka laƙaba masa don kada a kira shi kuɗin makaranta. Yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Babban ɓangaren bai cika nasa alkawarin ba, sai ya ce zai kai ƙaramin kotu. Ko a gaban alƙalin ƙauye aka kawo irin wannan ƙara, ya san wanda zai fara tambaya.

Sannan mu tuna a wace jiha muke. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, wanda ya auna talauci ba ta kuɗi kawai ba, har da abinci da ruwan sha da asibiti da makaranta da muhalli, ya ce kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya matalauta ne, mutum miliyan 133. Jihar da ta fi kowace yawa ita ce Sakkwato, kusan kashi 91. Wannan kuwa kafin ranar 29 ga Mayu, 2023 ne, ranar da aka janye tallafin mai, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kowa ya san abin da ya faru da tiyar gero da ta shinkafa bayan nan. Ga Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda mutane suka bar gonakinsu da rumbunansu suka kwararo cikin gari da kayan jikinsu kaɗai. A jihar da mutum tara cikin goma ke cikin wannan hali, dokar da za ta ɗaure iyaye saboda yaro ya fita nema ba 'yan tsiraru za ta kama ba. Gidajen yarin jihar nan gaba ɗaya ba za su ɗauki mutanen unguwa biyu ba. Abin da zai faru a zahiri shi ne a kama marasa galihu kaɗan a nuna a talabijin, sauran kuma su koyi ɓoye 'ya'yansu da sa wa mai kamu wani abu a hannu.

Mutanen da ba su taɓa zama a irin wannan gida ba suna lissafin makaranta da abin da ake biya. Talaka yana lissafinta da abin da ake rasawa. Ko an ɗauke masa kuɗin littafi da na riga, awa shida na safiya da yaron zai yi a aji su ne awowin da ake sauke kaya a Kasuwar Daji da Kara, su ne lokacin da ga-ruwa ke cinikinsa, su ne lokacin da mai koko da ƙosai ke buƙatar mai kai mata talla. Kasuwar kayan gwari ba ta jiran a tashi makaranta. A ƙauye kuma zangon karatu na uku yana faɗawa daidai lokacin shuka da noman fari, na farko yana karo da girbin gero, in rani ya yi kuma ga cirar albasa a fadamun Wurno da Goronyo da Kware da Gada. Duk malamin da ya koyar a karkara ya san rajistarsa tana bin damina da kaka kamar yadda ruwan gulbi ke bin su. Yaran ba gudun karatu suke ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi ba daga littafin wani Bature na samo shi ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun zamanin Shehu, akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke ta suka ci. Aka kai su gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya dubi ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake barin su da ita. Ya tambayi mai raƙuma kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa ubangidan ya biya 800, bayin kuma ba a yanke su ba. Haka nan a shekarar fari da yunwa da ta auka wa Madina a zamaninsa bai zartar da haddin sata ba. Wannan haddi ne da ke cikin Alƙur'ani, amma shugaba mai adalci ya tsaya ya tambayi cikin mai laifi kafin ya taɓa hannunsa, ya kuma mayar da hukuncin kan wanda ciyarwa ta rataya a wuyansa. In haka aka yi da haddin Allah, ina ga dokar da 'yan majalisa suka rubuta a Abuja? Allah da kansa ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Marayan da ke tura baro, in aka bi diddigi a shari'a, nauyin ciyar da shi da ƙannensa yana kan dangi masu hali, in babu yana kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Mu ne Haɗibu a wannan labarin.

Na san abin da za a ce mini, kuma wani ɓangare nasa gaskiya ne. Ba duk yaron da ke kan titi ne maraya ba. Akwai uban da ke da shanu a daji da buhuna a rumbu, ya ƙara aure bana, amma 'yarsa tana yawo da farantin gyaɗa a tasha har bayan isha'i. Akwai wanda ya ɗauki yaro ɗan shekara shida ya kai shi wani gari ya aje wa malami ba tare da ko mudun gero ba, ya juya bai sake waiwaya ba. Akwai wanda har gobe yake ganin boko ɓata tarbiyya ne ko da an ba shi kyauta da abinci. A mazhabarmu ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga ya iya nema, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Uban da ke da hali ya juya wannan wajibi, ya mayar da ƙaramin yaro mai ciyar da shi, wannan a yi masa nasiha, in ya ƙi a kai shi gaban uban ƙasa, in ya ƙi a kai shi kotu, ni zan yi shaida. Matsalata ita ce dokar ba ta bambanta shi da matar kango ba. Mai unguwa ya san bambancin, liman ya sani, maƙwabta sun sani. Motar kamu ce ba ta sani ba.

Ba kuma ina cewa aikin da yaran nan ke yi alheri ne gare su ba. Na ga hannun yaron da ke jari-bola, duk tabon yankan ƙarfe da kwalba. Na san abin da ke samun 'yan mata masu talla a gareji da kangaye da shagunan da ake cewa "shigo ki karɓi kuɗinki", abin da iyaye ke rufewa don kunya. Na ga ɗan shekara 14 a kan kabu-kabu, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, ya ɗauko mace da goyo. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 kan aikin yara ya ce kusan kashi 39 cikin 100 na yaran ƙasar nan 'yan shekara 5 zuwa 17 suna aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu, sama da yara miliyan 24. Wannan musiba ce. Amma in aka ɗaure uwar, yaron ba aji zai koma ba. Zai ƙara awowin aikinsa ne don ya haɗa kuɗin beli, ƙanwarsa da ke aji 4 na firamare ita ma ta fito ta taya shi.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu masu albashi, kuma ba na jin daɗin faɗinta. Ka zagaya gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a cikin garin nan da misalin ƙarfe tara na safe. Wa ke wanke-wanke? Wa ke shara, wa ke goyon jariri? Yarinya ce 'yar shekara 12 ko 13 da aka kawo aikatau daga ƙauye, ko almajirin da ke wanki a ba shi ɗumame. 'Ya'yan gidan an kai su makarantar kuɗi a mota tun ƙarfe bakwai. Maigidan nan shi ne zai zauna a majalisa da yamma yana cewa talakawa ba su son ilimi, a riƙa ɗaure su. In da gaske ana son a hukunta wani a kan yaron da ba ya aji, a fara da babban da ya ɗauke shi aiki a lokacin makaranta don ya fi arha, domin shi yana da zaɓi.

Mu malamai ma muna da namu. Yaron da ya bar naira 1,500 a kasuwa ya zo makaranta, me ya tarar? Sau da yawa darasi biyu ko uku ne za a shiga cikin takwas, saura malamin ya tafi banki, ko ya tafi nasa neman, domin shi ma albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ina da ɗalibai a aji 3 na ƙaramar sakandare da ba su iya karanta sakin layi ɗaya na Hausa ba tare da tuntuɓe ba, bayan shekara takwas suna zuwa. Yaron yana da ido. Yana ganin yayan abokinsa da ya gama jami'a yana kabu-kabu, yana ganin sa'ansa da ya shiga garejin walda tun yana ƙarami yanzu har yana da yara a ƙarƙashinsa. In ya auna ya ga kasuwa ta fi, ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi da abin da muka nuna masa. Ban taɓa jin an kai malami kotu don ya yi fashin aji ba, ko an kai jami'i don rufin aji ya yaye shekara uku ba a gyara ba.

An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a ƙarshen 2015, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka gina azuzuwa, aka yi gangamin shigar da yara. Tun kafin nan, a 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Gagi ya buɗe makarantar almajirai ta zamani. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Ba na raina ko ɗaya daga cikin niyyoyin nan. Amma shigar da yaro makaranta aikin rana ɗaya ne, riƙe shi a ciki aikin kullum ne, kuma a shekara 12 zuwa 16, daidai lokacin da ƙarfinsa ya fara zama kuɗi, a nan muke rasa shi. Kwasa da kamu an gwada, titi bai ragu ba.

Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne wanda aka fi saurin mantawa. Tsakanin 2014 da 2016, a jihohin Sakkwato da Neja, UNICEF da tallafin Birtaniya ta riƙa ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya a wasu zaɓaɓɓun makarantu. 'Yan mata suka ƙaru a azuzuwa. Ba a kama kowa ba, ba a yi wa kowa barazana ba, an dai saye wa yarinya lokacinta daga farantin talla. Ƙasar Meziko ta fara irin wannan a 1997, Barazil ta faɗaɗa nata a 2003, inda a wancan lokacin aka riƙa ba gida kuɗi bisa sharaɗin yaro ya halarci aƙalla kashi 85 cikin 100 na ranakun makaranta. Sharaɗi ne mai tsauri, amma ya zo da abu a hannu. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane kwano, da duk matsalolinsa, ya cika azuzuwa a inda abincin ya isa. Sai dai ya tsaya a aji 1 zuwa 3 na firamare, bai taɓa kaiwa ga masu shekarun tura baro ba. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi a jihar nan. Marayu da 'yan gudun hijira fakirai ne da miskinai da nassi ya ambata. Me zai hana a ware wani kaso a ce na gidajen da yaro ke ciyarwa ne, a riƙa biya wata-wata a hannun uwa, shugaban makaranta yana sa hannu cewa yaron yana zuwa?

In kuɗin bai isa kowa ba, to a taɓa agogo, wannan bai cin ko kwabo mai yawa. Wa ya ce ilimi sai daga ƙarfe takwas zuwa biyu? Garin nan ya fi kowane gari sanin amsar. Makarantar allo tun asali da asuba take farawa, a tashi a tafi gona ko kasuwa ko ɗinkin hula, a dawo da yamma, a sake zama da dare a gefen wuta, Alhamis da Juma'a a huta. Da wannan tsari aka yaye malaman da suka rubuta ɗaruruwan littattafai. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu da ayyukansu su zo su zauna gabanta ba, ba ta sa a kamo su ba. Ta naɗa jajis, wato mata jagorori masu koyarwa, ta ɗora musu malfa, ta ba su karatu a cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, suka kai shi har cikin gidaje, aka sami ƙungiyar mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru. Ita ta kai ilimi inda mutane suke, a lokacin da suke da shi. Gwamnatin tarayya ma ta yarda da wannan hikima a 1989 da ta kafa hukumar ilimin makiyaya, domin ta gane ɗan Fulani ba zai bar garke ya bi ƙararrawa ba. Abin da aka yarda da shi ga mai kiwo, me ya sa ba za a yarda da shi ga mai baro ba?

Azuzuwanmu a kulle suke daga ƙarfe biyu har wayewar gari. A buɗe su daga bayan la'asar zuwa magariba, ko bayan isha'i inda akwai fitilar sola, ga yaran da mai unguwa da liman suka shaida cewa su ke riƙe da gida. A rage darussan zuwa abin da ba makawa: karatu da rubutu, lissafi, Turanci, addini, kimiyya ta asali. A ba malamin da ya ɗauki wannan aiki ɗan alawus. A bar yaron ya zauna jarrabawa ɗaya da 'yan safe, ya sami takarda iri ɗaya. A karkara a ba makarantu damar ɗaga hutunsu ya dace da shuka da girbi. A zauna da shugabannin kasuwa da na gareji da ƙungiyar 'yan albasa, a yi yarjejeniya cewa duk yaron da bai kai shekara 16 ba a sallame shi da la'asar, ubangidan da ya hana shi ne mai laifi. A lokaci guda a haramta wa yara ayyukan da ke kashewa ko nakasawa, a kuma tsananta a kan wannan ba sani ba sabo. Bayan an yi duk wannan, uban da ya hana ɗansa zuwa ba shi da sauran hanzari, sai a ɗauko dokar 2004 a karanta masa.

Wani abokin aikina ya ce da ni wannan raba yara gida biyu ne, 'ya'yan masu hali su yi cikakken karatu, 'ya'yan talakawa su yi rabi. Na daɗe ina juya maganarsa, domin tana da nauyi, kuma ni ma ba na son ranar da za a ce makarantar yamma ita ce rabon talaka har abada. Amma yaron da nake magana a kansa ba tsakanin cikakke da rabi yake zaɓe ba. Tsakanin rabi da babu yake. In ya riƙe rabin har ya kai shekara 16 yana iya karanta takardar asibiti, yana iya lissafin cinikinsa, yana da shaidar gama ƙaramar sakandare, ƙofa ba ta rufe masa ba. In muka ce sai duka ko ya bari, bari zai yi, kuma ƙannensa za su bi sawunsa.

Ni dai abin da ke hannuna kaɗan ne. Na daina dukan yaro a kan fashi sai na san gidansu. Na roƙi shugaban makarantarmu kada a cire sunan wannan yaron daga rajista, ya amince, ko da yake ya ce in masu duba makarantu suka zo ni zan yi bayani. Mun shirya da yaron yana zuwa Talata da Laraba da Alhamis, sauran ranakun na kasuwa ne, wani abokinsa yana ba shi aron littafi ya kwafa da dare. A jarrabawar zangon da ya wuce ya zo na 19 cikin 74, lissafi kuwa ba wanda ya fi shi sai mutum biyu. Makon jiya ya same ni bayan an tashi, ya durƙusa ya ce, "Malam, albasa ta hwara shigowa, motoci na da yawa. Ina son ka yi min haƙuri sati ukku." Na ce ya je, amma ya riƙa biyowa ta gidana ranar Juma'a bayan sallar la'asar mu duba abin da aka yi. Juma'ar farko ya zo, da warin albasa a jikinsa da littafinsa a cikin leda. Muna cikin lissafi barci ya ɗauke shi a kan tabarma, na bar shi har aka kira magariba.